Babi na 14: Aikatau Mai Malafa

Wata Asabar da la'asar sakaliya ina zaune kan benci a shagon wani dattijon tela a Narayi, ina jiran ya gama kafa wa rigata aljihu. An ɗauke wuta, don haka ya ture keken lantarki gefe ya koma kan tsohon kekensa na ƙafa. Muna cikin hira sai ga wata yarinya da na koya wa Faransanci tun tana sakandare, yanzu tana shekarar farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta zo hutu. Gida ta fara zuwa, aka ce mata ina wurin tela. Ta durƙusa ta gaishe mu, sannan ta zaro wani littafin labari da aka ba su su karanta, ta buɗe inda ta naɗe gefen takarda.

"Malam, ina jin masu buga littafin nan sun yi kuskure. Na san il vint, na san qu'il vienne, amma wannan mai hula a ka ban taɓa gamuwa da shi ba. Kuma ba sau ɗaya ba ne, a shafi uku na gan shi."

Ta ɗora yatsa a kan kalmomin: qu'il vînt.

Kafin in buɗe baki, dattijon ya ce, idonsa na kan allura, "Ɗiyata, wanga ba kuskure ba ne." Sai ya shiga jerowa, ƙafarsa na taka keke, kowace takawa da kalmarta: que je vinsse, que tu vinsses, qu'il vînt, que nous vinssions, que vous vinssiez, qu'ils vinssent. Ya kai ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, ya sa haƙori ya tsinke zare.

Shekara da shekaru ina kai masa ɗinki. Na san mutumin ƙasar Maraɗi ne, na san ya zo Kaduna tun masaƙun Kakuri na aiki dare da rana, amma ban taɓa jin jimla ɗaya ta Faransanci daga bakinsa ba. "Lakwal na yi," in ji shi, wato makarantar boko ta Nijar, "shekara shida. Mushenmu, malaminmu ke nan, ba shi wasa da wanga abu."

Abin da ya jero shi Faransawa ke kira subjonctif imparfait. Ɗalibai da yawa suna jin sunansa gabansu ya faɗi, malamai da yawa kuma suna tsallake shi su ce ya mutu. Ni ina ganin tsoron da tsallakewar duka asara ce. Sigar tana da sauƙin ƙira fiye da yawancin abin da muka wuce a babukan baya, kuma mai jin Hausa yana da mabuɗinta a aljihu tun kafin ya shiga aji.

Abin da ka riga ka sani

Mu fara daga gida. In ka ce "baƙo ya zo", labari ka bayar. Abu ya auku, an wuce wurin. In ka ce "ina so baƙo ya zo", baƙon bai iso ba tukuna, zuwan nasa yana cikin zuciyarka ne kawai. A takarda "ya zo" ɗin iri ɗaya ne. Amma faɗi jimlolin biyu da bakinka ka saurara. A ta farko ka ja wasalin "ya" ka ɗaga murya. A ta biyu ka gajarta shi ka sauke murya. Malaman nahawun Hausa suna kiran na farkon shuɗaɗɗen lokaci, na biyun kuma umartau.

Wannan na biyun shi ne ɗan'uwan subjonctif: sigar aikin da ake so, ko ake tsoro, ko ake jira, ko aka wajabta, aikin da mai magana bai ba da shaidar aukuwarsa ba. Wanda ya yi karatun zaure ya ratsa Ajrumiyya zai tuna da fi'ili mudari'i mai ɗaukar fataha bayan "an" da "kai". Dangi ɗaya ne wajen ma'ana. Dubi yadda Hausa da Faransanci suke tafiya kafaɗa da kafaɗa:

Je veux qu'il vienne: ina so ya zo.
Il faut qu'il vienne: dole ya zo.
Pour qu'il vienne: don ya zo.
Avant qu'il vienne: kafin ya zo.
Jusqu'à ce qu'il vienne: har ya zo.
De peur qu'il ne vienne: gudun kada ya zo.

Akwai ma wurin da Bahaushe ya fi Bafaranshen titi tsayawa kan ƙa'ida. Nahawun Faransanci ya ce avant que yana jan subjonctif, après que kuwa ba ya ja, domin abin da ke bayan "bayan" ya riga ya faru. Faransawa da yawa suna haɗa su su yi musu kuɗin goro. Yaron Narayi ɗan shekara biyar ba ya wannan kuskure a Hausa: "kafin su zo" zai ce, amma "bayan sun zo".

Gaskiya ɗaya da za a riƙe ita ce kamannin ba su cika ɗari bisa ɗari ba. Faransanci yana sa subjonctif bayan bien que da quoique, mu kuwa "ko da yake sun gaji" muke cewa, da shuɗaɗɗen lokaci. Yana kuma sa shi bayan kalmomin murna da baƙin ciki da mamaki, inda mu za mu ce "na yi murna da suka zo". Waɗannan biyun sai an haddace su. Sauran kuwa kunnenka na Hausa zai kai ka.

Anko tsakanin aikatau

Ga inda hanya ta rabu. Umartau na Hausa ba ya sauya riga. "Yau ina so ya zo." "Jiya na so ya zo." "Gobe zan so ya zo." Babban aikatau shi ke ɗauke da lokaci, ƙaramin yana biye da shi kamar raƙumi da akala. Faransancin littafi bai yarda da haka ba. Ƙa'idarsa ita ce, in babban aikatau ya sa rigar jiya, dole ƙaramin ma ya sa irinta. Suna kiran wannan concordance des temps. Ni a aji nakan ce anko, kuma ban taɓa samun ɗalibar da ta kasa ganewa ba.

Je veux qu'il vienne, ina so ya zo, sai ya koma: Je voulais qu'il vînt, na so ya zo.
Il faut qu'elle parte, dole ta tafi, sai ya koma: Il fallait qu'elle partît, ya zama dole ta tafi.
Le roi ordonne qu'on ferme les portes, sai ya koma: Le roi ordonna qu'on fermât les portes, sarki ya ba da umarni a rufe ƙofofi.

Haka kuma in babban aikatau yana cikin conditionnel, sigar "da ma": Je voudrais qu'il fût là, da ma a ce yana nan. In kuwa aikin ƙaramar gangar ya riga na babbar aukuwa, sai a ɗauki avoir ko être a wannan siga a haɗa da participe passé, a sami plus-que-parfait du subjonctif: Je craignais qu'il ne fût parti, ina tsoron kada a ce ya riga ya tafi. Ka lura, a duk fassarorin nan Hausa ba ta motsa ba. "Ya zo", "ta tafi", "a rufe". Ma'anar subjonctif imparfait daidai take da ta subjonctif ɗin da ka sani. Rigar ce kawai ta bambanta.

Yadda ake yanka rigar

Wanda ya riƙe passé simple na babin da ya gabata ya gama rabin aikin. Ɗauki sigar tu ta passé simple: tu parlas, tu finis, tu reçus, tu vins. Ita ce ƙyallenka. Sai ka ɗinka mata waɗannan a ƙeya: -se, -ses, -sions, -siez, -sent. Mutum na uku tilo, wato il ko elle ko on, shi kaɗai ya fita daban: a cire s ɗin ƙarshe, a sa t a madadinsa, a kifa wa wasalin alamar nan mai kama da malafar makiyayi, wadda sunanta accent circonflexe.

Parler, yin magana: que je parlasse, que tu parlasses, qu'il parlât, que nous parlassions, que vous parlassiez, qu'ils parlassent.

Finir, gamawa: que je finisse, que tu finisses, qu'il finît, que nous finissions, que vous finissiez, qu'ils finissent.

Être, kasancewa: que je fusse, que tu fusses, qu'il fût, que nous fussions, que vous fussiez, qu'ils fussent.

Avoir, mallaka: que j'eusse, que tu eusses, qu'il eût, que nous eussions, que vous eussiez, qu'ils eussent.

Gida huɗu ne ke nan gaba ɗaya: masu -asse, masu -isse, masu -usse, sai ƙaramin gidan venir da tenir da 'ya'yansu masu -insse, wanda dattijon ya jero. Aikatau masu taurin kai da suka wahalar da mu a wasu lokutan, irin su aller da faire da pouvoir da savoir, a nan duk sun sunkuyar da kai: tu allas ya ba da qu'il allât, tu fis ya ba da qu'il fît, tu pus ya ba da qu'il pût, tu sus ya ba da qu'il sût.

Abu uku ne za a kiyaye. Na ɗaya, a gidan finir sigogi biyar daidai suke da na subjonctif présent, mutum na uku tilo kaɗai ke tona asiri: qu'il finisse a yanzu, qu'il finît a da. Na biyu, ƙa'idar c da g tana nan: qu'il plaçât, qu'il mangeât. Na uku, haïr, wato ƙi, ba ya karɓar malafa, domin ɗigo biyun da ke kansa sun tare wurin: qu'il haït.

Akwai kuma 'yan aikatau da ba su da passé simple sam, saboda haka ba su da wannan sigar. Biyu daga cikinsu sun daɗe suna ba ni tunani: traire, tatsar nono, da paître, cin ciyawar dabba a makiyaya. Marubucin da ke son ya ba da labarin ruga cikin tsantsar Faransancin littafi, in ya zo kan tatsa da kiwo dole ya kewaya ya nemi wata kalma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa sigar ta fi sabawa da tawada da takarda fiye da ƙwarya da sanda.

Daga ina malafar ta fito?

Faransanci ɗan harshen Latin ne, harshen Rumawan da. Sigar da muke magana a kai ta gangaro ne daga wata sigar Latin mai s biyu a ciki, shi ya sa kake jin -sse ko'ina. A tsohon Faransanci parlast da fust ake rubutawa. Da tafiya ta yi tafiya baki ya daina furta s ɗin, amma hannu ya ci gaba da rubuta shi ɗaruruwan shekaru. Majalisar kula da harshen, Académie française, wadda aka kafa a 1635, ita ce a ƙamusunta na 1740 ta share irin wannan s ta kifa malafa a gurbinsa. Ta haka forest ya zama forêt, hospital ya zama hôpital. Ingilishi ya ari kalmar ta biyu da s ɗinta, mu kuma muka karɓa daga Ingilishi muka ce asibiti. Harafin da Paris ta binne yana nan da ransa a bakin kowane mai jinya a Kaduna.

A 1990, da aka yi gyaran rubutun Faransanci aka sauke malafa daga kan i da u a kalmomi masu yawa, an bar ta a wannan sigar, domin aiki take yi. Il fut da qu'il fût furucinsu ɗaya ne, t ɗin ba a faɗinsa, malafar ba a jin ta. Il vint da qu'il vînt haka. Na farko labari ne, na biyu buri ne ko umarni ko tsoro. Ka ga ke nan mu da su mun yi hannun riga a abu guda: "ya zo" da "ya zo" namu baki ya raba su takarda ta haɗa, il vint da qu'il vînt nasu takarda ta raba baki ya haɗa.

A nan ne na ba ɗalibata dabarar da nake ba kowa. In kina shakkar ko a sa malafa ko kada a sa, mayar da jimlar Hausa, sannan ki mai da mutum ɗaya mutane da yawa. In "sun zo" ko "suka zo" ya fito, passé simple ne, kai a buɗe. In "su zo" ya fito, kifa malafa. Dès qu'il vint: da suka zo, babu malafa. Avant qu'il vînt: kafin su zo, akwai malafa. Bien que da kalmomin murna da baƙin ciki ne kawai za ki riƙe daban, kamar yadda muka faɗa. A can ma sai ki yi gwajin da Faransanci: in jam'in vinrent ne, babu, in vinssent ne, akwai.

Yadda ya bar baki ya koma takarda

A Sifaniyanci da Italiyanci, 'yan'uwan Faransanci na jini, yara ƙanana suna amfani da takwarar wannan siga kullum a wasa da faɗa. A Faransa kuwa tun ƙarni na 19 ta fara janyewa daga hira. Dalili ɗaya shi ne passé simple, sigar da ake ƙera ta daga jikinta, ita ma ta bar bakin mutane. Dalili na biyu nauyi ne. Gwada faɗin que nous travaillassions, ko que vous vous débarrassassiez, ka ji yadda harshe ke harɗewa. Har hukuma ta sallama. A 1901 ministan ilimi Georges Leygues ya fitar da doka cewa a jarrabawa kada a ci tarar ɗalibin da ya sa subjonctif présent bayan conditionnel. A 1976 wani ministan, René Haby, ya faɗaɗa sassaucin ya haɗa da bayan shuɗaɗɗen lokaci.

Yau in Bafaranshe na hira, ko ɗan Yamai, ko ɗan Kwatano, je voulais qu'il vienne zai ce. Babban aikatau ya ɗauki lokaci, ƙaramin ya bi shi ba tare da sauya riga ba. Wato dai Faransancin baka ya sauko kan turbar da Hausa take kai tun fil azal.

Amma barin baki ba mutuwa ba ne. Buɗe Balzac, ko Victor Hugo, ko Flaubert, ko Proust, za ka tarar da shi shafi bayan shafi. Yana cikin littattafan tarihin yaƙi da Janar de Gaulle ya rubuta. Marubutan yau masu son tsaftar alƙalami suna riƙe da mutum na uku tilo, domin gajere ne, mai daɗin ji: qu'il fût, qu'elle eût, qu'on pût. Akwai kuma 'yan maganganu da suka daskare da shi, waɗanda za ka gani a sharhin jarida: fût-ce, ko da kuwa, ne fût-ce qu'un jour, ko da na kwana ɗaya ne, dussé-je, ko da zai kai ni ga. Kamar alkyabba ce. Ba a zuwa gona da ita, amma ranar hawan salla in babu ita an san an rasa wani abu.

Yadda ya iso Maraɗi

Na tambayi dattijon yadda aka yi abin ya zauna masa shekara fiye da hamsin. Ya ajiye almakashi.

"Malam, dikte ce ta zaunar da shi. Mushe na karantawa, mu muna rubutawa. Kuskure biyar, sifili, ko da ka iya lissafi kamar mi. Wanga malafa kuwa ba a yi mata rangwame, kuskure guda ce cikakkiya, don ta nahawu ce. Kuma in anka ji ka yi Hausa cikin filin lakwal, a rataya maka sambol a wuya, kai ta neman wanda za ka miƙa ma kafin a tashi."

Bai faɗa da ɗaci ba, amma ni na ji ɗacin. Yaro Bahaushe, a ƙasar Hausa, ana hukunta shi don ya yi Hausa, ana kuma kayar da shi jarrabawa kan alamar da 'ya'yan Faransa kansu ba sa furtawa. Tsakanin 1890 da 1906 Ingila da Faransa suka yi ta zama suna ja da gyara layin da ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Damagaram. Kaka ɗaya, amma jikan da ke kudu ya tafi makarantar boko ya koyi Ingilishi, na arewa ya tafi lakwal ya koyi que je vinsse. Malaman da suka koyar da su dattijon, da shugabannin farko na Nijar irin su Diori Hamani da Boubou Hama, makarantar William Ponty ta Senegal ce ta horar da manyansu, inda ƙwarewa a nahawu take ita ce tsanin hawa. Léopold Sédar Senghor ya ci babbar jarrabawar malanta ta nahawun Faransanci a 1935, kuma a 1983 aka zaɓe shi cikin Académie française, Baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya shiga.

Saboda haka marubutan Afirka na farko da Faransanci sun rubuta shi da cikakkiyar alkyabbarsa. Littattafan da ake ba ɗalibanmu a jami'a, irin su L'Enfant noir na Camara Laye ɗan Gini, na 1953, da L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane ɗan Senegal, na 1961, ba a rasa wannan siga a cikinsu. Daga baya ne irin su Ahmadou Kourouma na Kodebuwa, da littafinsa Les Soleils des indépendances na 1968, suka tanƙwara Faransanci ya bi karin harshen uwa. Wanda bai san rigar da aka tuɓe ba, ba zai gane girman abin da Kourouma ya yi ba.

Kada kuma wani ya ɗauka Nasara ne ya koya mana ƙaunar nahawu mai zurfi. Tun kafin a ja wancan layi, Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, almajirai suna haddace su a zaurukan Gwandu da Sakkwato da Zariya. Mutanen da suka saba jera fa'ala, fa'alaa, fa'aluu ba jeren fusse, fusses, fût ne zai gagare su ba. Laifin lakwal shi ne sambol, ba nahawu ba.

Me zai sa ɗan Narayi ya koye shi yau?

Najeriya ƙasashe huɗu ne ke kewaye da ita ta tudu, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma kowaccensu ta gaji Faransanci a ofis da makaranta. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana shi harshen hukuma na biyu, aka shigar da shi manufar ilimi ta ƙasa a 1998. Akwai ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da aka kafa a 1991, inda ɗaliban jami'a ke zuwa su zauna cikin harshen, akwai kuma cibiyar Alliance Française a nan Kaduna da Kano. Amma iska ta juya a arewacinmu. A Yamai aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta haifi ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ranar 20 ga Maris 1970, Diori Hamani na cikin iyayenta. A Maris ɗin 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar, sabon kundinta kuma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki.

Na yi murna da wannan ɗaukaka ta Hausa har cikin raina. Kuma ita ce ma ta ƙara mini hujjar rubuta wannan babi. Rahotannin kwamandojin mulkin mallaka a kan Maraɗi da Tsibiri da Ƙonni da Damagaram, da wasiƙunsu, da hukunce-hukuncen kotunansu, duk da Faransancin littafi aka rubuta su. Labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, Abdoulaye Mamani da Faransanci ya fitar da shi duniya a 1980. In muna so jikokinmu su karanta wannan tarihi da Hausa, sai an sami 'ya'yanmu da za su zauna da waɗannan takardu su fassara su daidai. A irin wannan aiki malafa ɗaya tana iya juya tarihi. Il fut relâché na nufin an sake shi. Le commandant ordonna qu'il fût relâché na nufin kwamanda ya ce a sake shi, kuma jimlar ba ta gaya maka ko an bi umarnin ba. Tsakanin "an sake shi" da "a sake shi" akwai mutumin da wataƙila ya mutu a kurkuku. Mai fassarar da bai ga malafar ba zai rubuta wa zuriyarsa ƙarya ba da niyya ba.

Shawarata ga mai koyo uku ce. Ka iya gane sigar duk inda ka gan ta, dukkan shidan. Ka haddace mutum na uku tilo na aikatau goma sha biyu da suka fi yawo a littattafai: fût, eût, fît, pût, sût, dût, dît, mît, prît, vînt, voulût, allât. Sannan ka bar ta a takarda. A tashar Jibiya, a kasuwar Maraɗi, a wasiƙar neman aiki, subjonctif présent ya wadatar, ba wanda zai ce ka yi kuskure. Ilimin da aka koya don a buɗe ƙofa ya fi wanda aka koya don a burge jama'a albarka.

Kafin mu tashi daga shagon rana ta yi ja. Ladan ya fara gyaran murya a masallacin bakin titi, 'yan kwaya kuma suna gwajin waƙar Lahadi a majami'ar da ke bayan layi. Ɗalibata ta koma kan jimlar da ta kawo ta, ta karanta a hankali, ta yi shiru tana motsa leɓe. Sai ta ɗago.

"Malam, 'su zo' ne. Ashe bai ma zo ba, jiran sa ake yi. Ni kuwa tun jiya na ɗauka ya iso."

Dattijon ya ninke rigata ya miƙo mini, sannan ya share zare daga kan bencin da ke kusa da kekensa.

"Ɗiyata, zamna nan ki karanta mini shafin ga tun daga sama. Tun da na bar lakwal ba wanda ya karanta mini."

Ta zauna ta fara. Da ta iso kan vînt ta furta t ɗin ƙarshe, sai ya ɗaga yatsa ɗaya, ya girgiza kai. Ta koma baya ta sake, wannan karon daidai, ya ce, "Yawwa. Ci gaba."